Aro Ne Ko Sata? Alkawarin Ƙasa a Bakin Masu Bi

A kowace safiya ta ranar makaranta, daga Daura zuwa Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure, yara sukan yi layi a fili, su miƙe tsaye, su karanta Alkawarin Ƙasa da murya ɗaya. A cikinsa yaro yana ɗaukar wa Nijeriya alkawarin riƙon amana da gaskiya, da yi mata hidima, da kare haɗin kanta da mutuncinta, sa'an nan ya rufe da roƙon taimakon Allah. Kalmomin kaɗan ne, layi shida kawai, amma sun zauna daram a harshen duk wanda ya bi ta firamare tun daga shekara ta 1976. Saboda wannan zama da suka yi ne mutane suke sha'awar aronsu. Makarantu da dama sun ƙera nasu alkawarin a kan wannan ƙira, ƙungiyoyi ma haka, har abin ya shiga gidajen ibada, inda akan cire sunan ƙasa a sa sunan Yesu, ko na Ikilisiya, ko na wata ƙungiyar matasa, a bar sauran kalmomin kusan yadda suke.

Idan malamin katikisma ko shugaban matasa ya yi haka, ya aikata satar fasaha ko bai aikata ba? Wani zai ce tambayar ba ta kai a tara jama'a a kanta ba. Amma mu tuna cewa yara muke koya wa. Muna gaya musu kada su yi satar amsa a jarrabawa, kada su kwafi aikin wani su rubuta sunansu a kai. In har mu da kanmu muka sa musu kayan sata a baki a ƙofar majami'a, da wane ido za mu dube su? In kuwa ba sata ba ce, ya wajaba mu san dalili, mu kuma san inda iyakar abin take.

Asalin Alkawarin

Alkawarin Ƙasa yana da mai shi. Wata malamar Jami'ar Legas ce, Farfesa Felicia Adebola Adedoyin, 'yar asalin Saki ta Jihar Oyo, ta rubuta shi, aka buga a jaridar Daily Times a watan Yuli na 1976. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta karɓe shi, ta ɗan yi masa gyara, ta ba da umurni a riƙa karanta shi a makarantu. A shekara ta 2005 aka ba ta lambar girma ta ƙasa, ta kuma rasu a 2021. Abin lura shi ne, ita ma ba daga sama ta tsinci tunanin ba. 'Ya'yanta sun saba karanta irin wannan alkawari a makarantun da suka yi a Amurka da Gana, suka yi mamakin rashinsa a ƙasarsu. Watau ta ga abu mai kyau a gidan maƙwabta, ta ɗinka wa gidanta nasa da zarenta. Ba wanda ya taɓa kiranta ɓarauniya saboda haka.

A Amurka kuwa an daɗe da yin ainihin abin da muke magana a kai. Wani fasto na ɗarikar Baftis, Francis Bellamy, shi ya rubuta alkawarin biyayya ga tutar ƙasar, aka fara buga shi a wata mujallar yara a 1892. Wajen shekara ta 1908 wani fasto na ɗarikar Metodis, Lynn Harold Hough, ya bi sawunsa ya rubuta alkawari ga tutar Kirista, wadda wasu ɗariku suke kafawa a majami'unsu. Duk wanda ya ji na biyun ya san ɗan na farkon ne, gama kamar ta yi yawa. Daga baya kuma aron ya koma ta ɗaya hannun. Wata ƙungiyar mazan Katolika mai suna Knights of Columbus ta fara ƙara ambaton Allah a cikin alkawarin ƙasar a tarurrukanta tun daga 1951, ta yi ta neman a mai da shi doka, har majalisar ƙasar ta amince a 1954, Shugaba Eisenhower ya sa hannu. Ikilisiya ta ara daga ƙasa, ƙasa ta ara daga Ikilisiya, duka da rana tsaka.

Mene Ne Satar Fasaha?

Kafin a yanke wa mutum hukuncin sata, sai an san abin da ya ɓace. Wanda aka sace wa akuya ya rasa akuyarsa. Wanda aka kwafi maganarsa kuwa, maganar tana nan a hannunsa, ba ta ragu da harafi ɗaya ba. To, me ya rasa? Labarin da kowane ɗan Daura ya sani zai taimake mu. An ce a rijiyar Kusugu akwai maciji da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a, har baƙo Bayajidda ya sauka da dare, ya nemi ruwa, ya kashe macijin, ya yanke kansa ya tafi da shi. Da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin babban lada ga wanda ya yi wannan aiki. Sai mutane suka fito kowa yana cewa shi ne, amma da aka ce a kawo kan macijin, duk suka ji kunya, sai baƙon kaɗai ya iya fito da shi.

A cikin wannan labari akwai mutane iri biyu da suka amfana da aikin Bayajidda. Akwai jama'ar gari, waɗanda daga ranar suka riƙa ɗiban ruwa kullum. Sun ci moriyar aikin wani, amma ba su yi laifi ba, gama rijiyar ta gari ce, kuma kowa ya san wanda ya buɗe ta. Akwai kuma masu da'awar ƙarya, waɗanda suka so su karɓi lada da suna a kan macijin da ba su kashe ba. Su ne masu satar fasaha. Abin da suka so su ƙwace shi ne yabo da ladan wani, makamin da suka riƙe kuma ƙarya ce. Ashe satar fasaha laifi biyu ne a ƙulle wuri ɗaya: ta taɓa Doka ta Bakwai, wadda ta hana sata, ta kuma taɓa Doka ta Takwas, wadda ta hana shaidar zur. In babu ɓoye asali, babu satar fasaha.

Kalmar da Turawa suke kiran wannan laifi da ita ma tana nuna haka. Daga Latin ta fito, inda asalinta take nufin mai satar mutane. Wani mawaƙin Roma mai suna Marshiyal, a ƙarshen ƙarni na 1, shi ya laƙaba ta ga wani da yake karanta waƙoƙinsa a gaban jama'a a matsayin nasa, kamar wanda ya sace 'ya'yan wani ya sauya musu uba.

Mun ga misalin wannan a zamaninmu, kuma ya shafi babban ɗan Daura. A watan Satumba na 2016, a jawabin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta wajen ƙaddamar da shirin gyaran halin 'yan ƙasa, an gano wani sashe da aka kwaso daga jawabin nasarar zaɓe da Barack Obama ya yi a 2008, ba tare da an ambaci mai shi ba. Fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa haka ne, ta ba da haƙuri, ta ce laifin wani ne daga cikin masu rubuta jawabin. Abin da ya sa aka ga aibu shi ne masu sauraro sun ɗauka sabuwar magana ce daga zuciyar mai faɗarta. Da an ce, kamar yadda wane ya taɓa faɗa, da babu wanda zai ɗaga kai. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Yanzu mu auna malamin katikisma da wannan mudu. Sa'ad da yara suka ji sabon alkawarin, akwai wanda zai zaci malam ne ya ƙago shi? Babu. Tun daga kalma ta biyu kowa ya gane, har wasu su yi murmushi. Ƙarfin abin ma daga ganewar yake zuwa, gama malam yana so yaro ya ce a ransa, ashe irin amanar da na ɗaukar wa ƙasa, Allah ma yana bina ita. Mai satar fasaha yana addu'a kada a gane, gama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan kuwa, in ba a gane ba, aikinsa ya lalace. Saboda haka amsar tambayarmu ta farko a fili take: juya sanannen alkawarin ƙasa domin koyarwar addini, a gaban mutanen da suka san asalinsa, aro ne. Batun dokar haƙƙin mallaka, wadda aka yi a 1988 aka kuma sabunta da wata da aka sa wa hannu a 2023, magana ce ta lauyoyi da kotu. Mu a nan lamiri muke tambaya.

Aro a Al'adarmu da Tarihin Ikilisiya

Ƙasar Hausa ta san irin wannan aro tun da daɗewa, har ta ba shi suna da ƙa'ida. Marubuta waƙoƙi suna da abin da ake kira tahamisi, inda malami zai ɗauki baitin wani mai layi biyu ya ƙara masa uku su zama biyar. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, kuma har yau ana ambaton su ukun. Malam Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya ɗebo labarai da yawa na Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa. A Kano kuma masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai. Waɗanda suka soki masu bandirin ba sata suka tuhume su da ita ba, gama kowa ya san inda karin ya fito. Damuwarsu ita ce ko karin waƙar soyayya ya dace da yabo mai tsarki. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kalmar mubaya'a ma, wadda hakimai da dagatai suke yi wa Sarkin Daura, baƙuwa ce da ta yi tafiya mai nisa. A Larabci tushenta ɗaya da na ciniki, watau haɗa hannu da mai saye da mai sayarwa suke yi in sun daidaita. Daga kasuwa ta shiga addini, daga addini ta shiga fada. Sunan da muke kiran Mahalicci da shi, Ubangiji, daga uban gida ya fito, Sarkin Sarakuna kuma kirarin fada ne. Ɗan Adam ba shi da wani harshe na musamman da ya sauko da shi daga sama. Da kalmomin gida da kasuwa da fada yake magana da Allah.

Littafi Mai Tsarki da kansa shaida ne. A shekara ta 672 kafin haihuwar Yesu, Esarhaddon Sarkin Assuriya ya sa dukan waɗanda suke ƙarƙashinsa suka yi rantsuwar biyayya ga ɗansa Ashurbanifal. An tono allunan wannan rantsuwa a Nimrud ta ƙasar Iraƙi a 1955. A cikinsu an umurci mutane su ƙaunaci ɗan sarki kamar ransu, kada su rufa wa mai shirin tawaye asiri ko da ɗan'uwansu ne, aka kuma jera la'anoni a kan mai karya alkawari. Masana da yawa sun lura cewa sura ta 13 da ta 28 na Kubawar Shari'a suna kama da wannan rantsuwa ƙwarai, har a jerin wasu la'anonin. A ganinsu, marubutan Isra'ila sun ɗauki rantsuwar da babban sarkin duniya ya ɗora wa ƙananan ƙasashe, suka cire sunansa suka sa na Ubangiji, domin su shaida cewa irin wannan cikakkiyar ƙauna Allah kaɗai ya cancance ta.

Kalmar sakramenti da muke faɗa kullum, a wurin Romawa rantsuwar soja ce, wadda sabon kurtu yake yi wa shugabansa ranar da ya shiga aiki. Tertuliyan na Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau, ɗan Afirka kamarmu, wajen shekara ta 200 ya yi amfani da ita ga baftisma, yana koyar da cewa ranar da muka amsa tambayoyin baftisma ranar muka shiga rundunar Allah mai rai. Tun kafin shi, wajen shekara ta 112, gwamnan Roma Filini ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristoci sukan taru da asuba su ɗaure kansu da rantsuwa cewa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba kuma za su ci amana ba. Manzo Bulus a Atina ya kawo maganar mawaƙan Helenawa a cikin wa'azinsa, ya kuma faɗa a fili cewa ta mawaƙansu ce (Ayyukan Manzanni 17:28). Waliyyi Agustin ya kwatanta irin wannan da zinariya da azurfar da Isra'ilawa suka fita da su daga Masar, yana cewa gaskiya, a duk inda aka same ta, ta Ubangiji ce. A 1925 kuma, lokacin da masu mulkin kama-karya suka fara neman zukatan mutane gaba ɗaya a Turai, Paparoma Piyus na 11 ya kafa Idin Kristi Sarki. Ikilisiya ba ta taɓa jin kunyar ɗaukar harshen sarauta da na soja ta miƙa wa Ubangijinta ba.

Inda Hatsarin Yake

To, shi ke nan, kowa ya ɗauki alƙalami ya juya Alkawarin Ƙasa yadda ya ga dama? A'a, 'yan'uwa. Kuɓuta daga tuhumar sata ba ta mai da abu mai hikima. Akwai wurare uku da mai aro yake iya zamewa.

Na fari, mantuwa. Aron da yake a fili yau yana iya ɓoyuwa gobe. Mun gani da idonmu yadda alamun ƙasa suke sauyawa: taken da aka rera tun daga 1978 an ajiye shi a watan Mayu na 2024, aka komo da na lokacin samun 'yancin kai. Idan wata rana aka sake Alkawarin Ƙasa, yaran da za su taso ba za su gane tushen namu ba. In kuwa an buga shi a littafin ƙungiya da sunan wani a ƙasa a matsayin marubuci, daga ranar aro ya zama sata, ko da mai sunan bai nufa ba. Maganin wannan ba shi da tsada. Layi ɗaya ne a ƙarƙashin rubutun, mai cewa an tsara shi bisa Alkawarin Ƙasa na Farfesa Adedoyin. Bulus bai rasa kome ba da ya ambaci mawaƙan Atina.

Na biyu, kaya masu nauyi da kalmomi suke ɗauke da su. A nan damuwar masu sukar bandiri ta shafe mu. Kalma takan zo da ƙurar gidan da ta fito. Ƙasa ana kare ta da soja da bindiga, kuma haƙƙinta ne. Idan muka sa yaro ɗan shekara 10 ya yi alkawarin kare Ikilisiya iyakar ƙarfinsa, ba mu kuwa bayyana masa ba, wace irin kariya zai hango? Ubangijinmu ya umurci Bitrus ya mai da takobi kube, ya kuma gaya wa Bilatus cewa mulkinsa ba irin na duniyan nan ba ne (Yohanna 18:11, 36). Mu da muke zaune a yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa, bai kamata mu yi wasa da irin wannan kalma a bakin matasa ba. Kama da wane ba ta wane. Biyayyar da ake yi wa ƙasa tana da iyaka, wadda ake yi wa Allah ba ta da ita. Ko a zamanin Lugga, rantsuwar da sarakunan Arewa suka yi wa Sarkin Ingila tana da sharaɗi, cewa za su bi umurni muddin bai saɓa wa addininsu ba. Waliyyi Polikab, Bishop na Simirna, ya yarda a kashe shi wajen shekara ta 155 maimakon ya rantse da sunan Kaisar irin rantsuwar da ta mai da Kaisar abin bauta. Idan muka ɗinka wa Allah da ƙasa riga ɗaya, ba mu nuna wa yaro bambancin masu sa ta ba, ko dai ya ɗaga ƙasa ta kai matsayin Allah, ko ya sauko da Allah ya zama kamar wata jam'iyya da ake yi wa kirari.

Na uku shi ne mafi girma, kuma a nan ne kaɗai kalmar sata take iya samun wurin zama. Mun ce wanda aka kwafi maganarsa bai rasa maganar ba. Amma Alkawarin Ƙasa yana da wata daraja da ake iya raba shi da ita. Ku dubi layin yara a kowace makarantar gwamnati a masarautar Daura. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Sallarsu dabam, littafinsu dabam, ranar hutunsu dabam. Kalmomin da suke furtawa tare, da murya ɗaya, har su ambaci Allah tare a ƙarshe, ba su da yawa, wannan alkawari kuwa yana cikinsu. Rijiya ce ta gari. Idan muka juya shi ta yadda yaronmu zai ji cewa na coci shi ne na gaske, na makaranta kuwa surutu ne na dole, mun ɗauke wa gari abin da yake na kowa, mun kewaye shi da danga. In maƙwabtanmu ma suka yi nasu haka, sai a wayi gari kowa yana da alkawarinsa, ƙasa ba ta da ko ɗaya.

Wannan ya fi shafarmu, mu Kiristocin Jihar Katsina, da muke 'yan kaɗan a cikin jama'a. Sau da yawa akan ɗauki Kirista a nan kamar baƙo, alhali da yawanmu a nan kakanninmu suke kwance. Da Paparoma Faransis ya kafa Dayosis na Katsina a watan Oktoba na 2023, ya ba mu ɗan ƙasa, Bishop Gerald Mamman Musa, ya zama makiyayinmu na farko, ya tabbatar wa duniya cewa mu 'yan gida ne. Ɗan gida ba ya barin wa wasu gyaran katangar gida. Katikisma ta Ikilisiyar Katolika, wadda aka fitar a 1992, ta sa ƙaunar ƙasa da yi mata hidima a ƙarƙashin Doka ta Huɗu, tare da girmama iyaye, ta kuma tuna mana cewa in umurnin mutum ya yi karo da na Allah, na Allah ake bi (Ayyukan Manzanni 5:29). Ubangiji ya ce a ba Kaisar nasa a ba Allah nasa (Matiyu 22:21). Bai ce a ƙwace na Kaisar a ƙara wa Allah ba, gama Allah ba ya bukatar kayan ƙwace.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Mai son yin irin wannan aro, bari ya yi shi da sharuɗɗan mai aro na kirki. Ya faɗi inda ya samo. Ya auna kowace kalma, ya jefar da wadda ba ta dace da Bishara ba, ko da za ta ɓata masa daɗin kari. Ya nuna wa Fada kafin ya sa a bakin yara. Ya bar shi a taron ƙungiya ko ajin koyarwa, kada ya shigar da shi cikin Misa, gama Majalisar Vatikan ta Biyu ta faɗa a 1963 cewa ba mai ikon ƙara ko rage kome a cikin tsarin sujada da ra'ayin kansa, ko da firist ne. Fiye da duka, ya tabbata yaran da suke karanta nasa suna karanta na ƙasa da zuciya ɗaya, suna kuma cika shi, wato ba sa satar amsa, ba sa ɓata kayan gwamnati, ba sa raina ɗan'uwansu saboda addini ko ƙabila. Aro na gari shi ne wanda mai kaya ya karɓi abinsa bai ragu ba.

Mu kuma tuna cewa alkawari kaya ne. Bahaushe tun kafin zuwan Musulunci da Kiristanci yana tsoron rantsuwa, bai ɗauke ta abin wasa ba. Yesu ya gargaɗe mu a kan yawan rantse-rantse, ya ce i ɗinmu da a'a ɗinmu su wadatar (Matiyu 5:33-37), Yakubu ma ya maimaita haka (5:12). Kafin mu ƙara wa yara sabon alkawari, mu tambayi kanmu ko sun fahimci wanda aka riga aka ɗaukar musu. Gama muna da namu, ba na aro ba, wanda ya girmi kowace tuta a duniya. A ranar baftisma an tambaye mu, ko an tambayi iyayenmu a madadinmu, ko mun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, ko mun gaskata da Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. A kowane daren Ista muna tsayawa da kyandir a hannu mu sabunta wannan amsa. Kowace Lahadi kuma muna furta shaidar bangaskiya da aka tsara a Nikiya a shekara ta 325 aka cika a Kustantiniya a 381. Yaron da ya san nauyin waɗannan ba zai rasa abin faɗa ba idan aka tambaye shi na wane ne shi.

Saboda haka kada mu yi saurin kiran ɗan'uwa ɓarawo domin ya ɗebi ruwa a rijiyar gari, kada kuma mai ɗiba ya manta da wanda ya haƙa, ko ya hana maƙwabci zura guga. Allah ya ba mu gaskiya a harshe da aminci a zuciya, ya sa mu cika alkawarin da muka ɗaukar wa ƙasarmu da wanda muka ɗaukar masa, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.